Salansa: Yadda Ƙarar Babur Ta Zama Ta Kowa a Ƙasar Kano

A ƙarshen watan Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya ta nufi Kano, tana ɗauke da igwa da bindigogin nan masu aman harsashi da ake kira Maxim. Bebeji ya rufe mata ƙofa. Aka harba igwa, ƙofa ta faɗi, rundunar ta wuce, ran 3 ga Fabrairu ta shiga birnin Kano. Mutumin da ya ƙera waccan bindiga, Hiram Maxim, da kurumta ya ƙare rayuwarsa, saboda shekarun da ya shafe yana gwajin harbi. Ɗansa kuwa, Hiram Percy Maxim, da kishiyar sana'ar uban ya yi suna. A 1909 ya sami rajistar mallakar wata na'ura mai rage ƙarar bindiga, daga baya kuma kamfaninsa ya karkata ga ƙera irinta domin injuna. Kalmar da ya tallata na'urar da ita, ita ce dai Turawan Ingila ke kiran tukunyar hayaƙin mota da babur, kuma ita ce bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta koma salansa. Ma'anarta ta asali: abin da ke sa shiru.

Wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora ranar kasuwa, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ke rabuwa da titin Zariya, ko ya kwana a Badafi ta ƙaramar hukumar Kiru daren ɗaurin auren wani saurayi, zai yi shakkar wannan ma'ana. A can salansa ita ce muryar babur. Akan huda ta, a zare mata hanji, a yanke mata wutsiya, a liƙa mata bakin bututu mai faɗi, duk don a ji zuwan mai ita tun daga bayan gari.

A ƙasar Hausa ta dā, ƙara mai ƙarfi alama ce ta matsayi, kuma tana da masu ita. Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, kuma har yau ba a busa wa talaka kakaki komai dukiyarsa. Tambari na sarki ne. Bindigar hawan salla ta 'yan bindigar fada ce. Ladan yana da lokutansa biyar, sanƙira yana da ranarsa, maƙeri yana da unguwarsa. Babu dokar da aka rubuta a takarda, amma kowa ya san iyakar muryarsa. Babur na cikin abubuwan farko da suka ba ɗan talaka mai shekara goma sha takwas ikon tashin gari guda daga barci ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Tarihin salansa a ƙasar Kano tarihin wannan iko ne, da yadda hukuma ta tsoma baki a kusan kowane fanni na babur ta bar wannan.

Kafin a shiga tarihin, yana da kyau a san abin da ke cikin tukunyar. Duk lokacin da fetur ya ƙone a silinda, iska mai zafi takan fito da matsi mai yawa, tamkar an fasa balan-balan. Inji mai silinda ɗaya, mai bugu huɗu, idan yana juyawa sau 6,000 a minti, yakan yi wannan fashewa sau 50 a kowace daƙiƙa. Mai bugu biyu kuwa sau 100. Aikin salansa shi ne ta karɓi waɗannan fashe-fashe ta sassauta su kafin su kai kunne. Wata takan bi da hayaƙin ta ɗakuna da faranti masu huda, igiyoyin sautin su yi ta karo da juna har su raunana. Wata kuma bututu ce mai ramuka da aka naɗe da zaren gilashi, shi ke shanye kaifin ƙarar. Ma'aunin ƙara shi ne desibel, kuma lissafinsa na da yaudara: ƙarin 3 kacal na nufin ƙarfin sautin ya ninka, ƙarin 10 kuma shi ne abin da kunne ke ji kamar ninki biyu. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar desibel 85 ga wanda zai yini sa'a takwas cikin ƙara. A desibel 100, minti goma sha biyar ne. Ɗan acaɓan da ya zare hanjin salansarsa ya fi kowa kusa da ita, daga asuba zuwa magariba.

Salansa mai murya biyu, wadda ake tallatawa yau a Turai a matsayin sabuwar fasaha, ta girmi kakannin masu sayen ta. 'Yan'uwan nan Reeves na Amurka sun yi rajistar tukunyar rage ƙarar inji tun 1897. Baburan farkon ƙarni na 20 kuwa ba su da ƙarfin kirki, salansar zamanin tana shaƙe su, sai maƙera suka sa wata 'yar ƙofa a jikin bututu wadda mahayi zai taka da ƙafa: a cikin gari ya rufe don kada dawaki su firgita, a bayan gari ya buɗe hayaƙi ya fita kai tsaye. Kamfanin Harley-Davidson, wanda yau sunansa ke tafe da rugugi, a wancan zamani da shirun baburansa yake talla, kuma suna da wannan ƙofa. Matsalar ba ta ɓuya ba: abin da aka bar wa mutum ya rufe don kunya, wata rana zai bar shi a buɗe. Dokoki a Ingila da jihohin Amurka da dama suka haramta ƙofar. Ko filin tsere na Brooklands a Ingila, ƙorafin maƙwabta ya tilasta wa masu tsere sanya salansa ta musamman tun shekarun 1920.

Babur ya zama abin hawan jama'a a Kano ne a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975 haɗe da bashin watanni, ya mayar da malaman makaranta da akawuna da malaman gona masu babur a 'yan makonni. A kudancin Kano wannan ya zo daidai da kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da buɗe filayen noman rani, da ma'aikatan da ke zirga-zirga tsakanin ƙauyuka. Vespa ta zama ta alhazai da manyan malamai, Honda ta ma'aikata, Suzuki da Yamaha na masu neman na kansu. Kamfanin Boulos yana harhaɗa Suzuki a Legas, Honda kuma ta kafa masana'antarta a Ota a 1979. A wancan zamani babur kadara ce. Ana wanke shi, a shimfiɗa masa leda a kujera, a kwana da shi a zaure. Malamin makarantar da salansarsa ta fashe kunya yake ji, don ƙara shaida ce cewa ya kasa gyara.

Abin da ya sauya lamarin ya fito ne daga cikin injin kansa. Yawancin ƙananan Suzuki da Yamaha na lokacin masu bugu biyu ne, irin waɗanda ke ƙona mai tare da fetur. Wannan mai ba ya ƙonewa duka. Yakan taru a salansa ya zama baƙin kwalta mai tauri, ramukan faranti su toshe, babur ya riƙa nishi a kan tudu. Maganin da bakanike ya sani shi ne a kwance salansa a ƙona ta da wuta, a bubbuga, dattin ya zubo. Idan aka yawaita mai, ko aka zuba wanda bai dace ba, toshewar takan dawo da wuri. Daga nan dabara mai sauƙi ta samu: a zare farantin gaba ɗaya, a huta. Babur ya numfasa, mai shi ya ji kamar ya ƙara gudu, ƙara ta cika unguwa. Da gyara aka fara, ado ya biyo baya.

Sai dai a inji mai bugu biyu salansa sashe ce ta injin. Ba shi da bawul. Ƙofofi ne a jikin silinda da fistin ke buɗewa ya rufe, kuma akwai ɗan lokacin da ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi ke buɗe tare, har wani ɓangare na sabon fetur ya bi hayaƙi ya fice. Wani injiniya a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, shi ya ƙware a shekarun 1950 wajen ƙera bututu mai ƙugu da ke maido da igiyar matsi baya a daidai lokacin, ta tura fetur ɗin da ya tsere ya koma silinda. A 1961 mahayinsa Ernst Degner ya gudu zuwa Yamma, ya koma Suzuki, a shekara mai zuwa kuma ya ciwo wa Suzuki kambinta na farko na duniya. Siffar bututu ce ke ba irin wannan inji ƙarfi. Wanda ya yanke shi da zarto a gindin bishiya yakan zubar da fetur a titi, ya rasa ƙarfin hawan tudu, ya sayi ƙara da kuɗinsa. Kunne ne ke gaya masa ya ci riba.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka fara sallamar ma'aikata, motocin haya suka yi tsada, acaɓa ta kafu a Kano kamar yadda kabu-kabu ta kafu a Sakkwato da Maraɗi. Babur ya tashi daga kadara ya koma jari. Da baburan Sin suka shigo da araha a ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, musamman Jincheng, wadda samfurin Suzuki ce mai bugu biyu, sai birnin ya cika da shuɗin hayaƙi da ƙara mai kaifi irin ta zarto. A cikin cunkoson dubban babura, ƙara ta zama kayan aiki: da ita ake kiran fasinja, da ita ake neman hanya. Wasu har ham na babbar mota suke ɗaurawa. 'Yan siyasa ma suka gane amfaninta, ayarin 'yan acaɓa masu murɗa totur ya zama kakakin ɗan takara.

Jerin abubuwan da hukuma ta tsoma baki a kansu yana da ban sha'awa. A 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka kawo babura masu ƙafa uku da suka gaji sunan shirin A Daidaita Sahu. Ran 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano, wasu 'yan acaɓan Kano suka amsa da kifa ƙwarya a ka, labarin ya zaga duniya. Ran 19 ga Janairun 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, aka rasa rayuka cikin dogarai da direbansa, kuma cikin mako guda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta goyo a babur a birni da kewaye. Tarbiyya, kariyar kai, tsaro: kowanne ya samu dokarsa da jami'an tilasta ta. Ƙara kuwa tana da doka a takarda. Ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa sun wajabta wa abin hawa salansa mai aiki, hukumar kula da muhalli ta NESREA kuma ta fitar da ƙa'idojin ƙara a 2009, da iyaka ga unguwannin zama da asibitoci, dare da rana. Amma jami'in da ke tsaye a titi yana iya ganin goyo da ido, yana iya ganin kai babu hula. Ƙara sai da na'urar awo da lambar da za a kwatanta, shi kuwa ba a ba shi ko ɗaya ba.

Haramcin 2013 bai shafi Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ba. Da yawa daga 'yan acaɓan birni dama 'yan ci-rani ne, sai suka koma gida da baburansu, wasu suka sayar da araha. A karkara babur ba ya da abokin gasa. Shi ke ɗauko buhun shinkafa daga fadama zuwa kasuwar Tudun Wada, shi ke fito da masara daga ƙauyukan Doguwa inda mota ba ta shiga da damina, shi ne motar asibitin mai naƙuda. A daidai wannan lokaci Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ta kori Jincheng daga kasuwa, saboda tana shan mai kaɗan kuma tana jure nauyi. Boxer mai bugu huɗu ce, ba ta ƙona mai da fetur, salansarta ba ta toshewa kamar ta dā, kuma daga kamfani muryarta a ƙasa take. Uzurin gyara ya ƙare ke nan. Abin da ya rage shi ne sha'awa, kuma ita ba ta ragu ba. Saurayi yakan kai sabon babur wurin mai walda kafin ledar kujerarsa ta yage.

Bai kamata a yi wa wannan sha'awa kallon hauka ba. A garin da saurayi ba shi da doki, ba shi da sarauta, ba a tambayar ra'ayinsa a zaure, ƙarar babur ce ke sanar da cewa ya iso. Rakiyar ango da kilisar bayan salla sun gaji tsarin hawan doki ne: a jera, a zabura, a ja birki ƙura ta tashi. Abin da ba su gada ba shi ne ƙa'idar wa zai yi gaba da lokacin da za a tsaya. Kuɗin kuma wasu ke biya: jinjirin da aka sha wuya kafin ya yi barci, majinyaci a ɗakin shan magani na bakin titi, almajiran da ke bitar allo, shanun da ke firgita su faɗa gonar wani. Shi ma injin yana biya. A babur mai kafireta, idan aka buɗe hanyar hayaƙi ba a daidaita shigar fetur ba, iska kan rinjayi mai, inji ya riƙa zafi fiye da ƙima, bawul ya ƙone da wuri. A inji mai girman cc 100, ƙarfin da ake samu bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa ƙarfin tashi da kaya ne ke raguwa. Masu cewa ƙara na kare mahayi daga haɗari sun manta cewa bakin salansa baya yake kallo, haɗari kuwa daga gaba ya fi zuwa.

A Turai tsohuwar ƙofar nan ta ƙafa ta dawo cikin sabuwar riga. Kamfanoni irin su Dr. Jekill & Mr. Hyde na Holan da KessTech na Jamus suna ƙera salansa mai bawul da lantarki ke juyawa, da maɓalli a kan hannun babur: a danna murya ta yi ƙasa, a sake dannawa ta buɗe. Abin da ya sa doka ta amince da su shi ne, na'urar da kanta take rufe bawul a yanayin gudu da juyin inji da ake yin gwajin hukuma a kansa, ko mahayi ya so ko bai so ba. Iyakar da ƙa'idar ta sa wa manyan babura a wannan gwaji desibel 77 ce. Masu suka suna cewa wannan biyayya ce ga jarrabawa, tunda a wajen yanayin gwajin babur na iya ruri yadda ya ga dama, abin da ya sa aka yi ta faɗaɗa gwajin. Wasu yankunan ma sun gaji da jira. Daga Yunin 2020 lardin Tirol na Ostiriya ya rufe wasu hanyoyin duwatsu a lokacin bazara ga duk babur da ƙararsa a tsaye ta wuce desibel 95, da tarar Yuro 220, ko da daga kamfani ya fito haka. Faransa ta fara gwajin na'urorin kama masu ƙara a bakin titi a 2022. 'Yan sandan biranen Indiya kuwa hanyarsu gajera ce: su kwance salansar da aka sauya, su jera a titi, motar daɓe hanya ta bi ta kai a gaban 'yan jarida.

Irin waccan salansa mai lantarki ta fi sabuwar Boxer tsada, saboda haka a Nijeriya sai a jikin manyan baburan da ma'aikatan banki da 'yan kasuwa ke hawa a Abuja da Kaduna da Kano ranar Lahadi. Amma dabarar kanta ba ta fi ƙarfin mai waldan Kwanar Ɗangora ba. Sigarta mai araha toshiya ce ta bututu mai ramuka da ake zurawa a bakin salansa a ɗaure da kusa ɗaya. A sa ta murya ta kwanta, a cire ta buɗe. Turai ta hana sababbin babura irin wannan toshiya mai ciruwa tun 2016, bisa hujjar da ta kashe ƙofar ƙafa shekaru ɗari da suka wuce. A wurin da yanzu ake yanke salansa har abada, toshiyar da za a iya mayarwa ci gaba ce. Awon ma ba shi da wuya: babur na tsaye, na'ura a nisan rabin mita daga bakin salansa, a karkace, inji a ƙayyadadden juyi. Minti biyu ya isa. Wanda zai iya tilasta wannan a Badafi ba jami'in da ke zuwa daga birni sau ɗaya a wata ba ne. Shugaban tashar 'yan acaɓa, wanda ke ba da lamba yana karɓar kuɗin ƙungiya kullum, da dagaci da limamin da ke ɗaura auren da za a yi wa rakiya, su ne suka gaji ikon da a dā ya san wa za a busa wa kakaki.

A 'yan shekarun nan ƙarar babur ta sami wata ma'ana da samarin kilisa ba su nufa ba. Dajin Falgore, da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa, ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane a tsakiyar shekarun 2010, har aka kafa sansanin horar da soja a cikinsa. A Mayun 2019 rundunar sojan ƙasa ta sanar da hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai, Kano na ciki. A ƙauyukan Zamfara da Katsina, rugugin babura da yawa bayan isha yana nufin a kwashi yara a shiga daji. Mutanen kudancin Kano suna jin waɗannan labarai a rediyo da bakin baƙin da suka yi hijira, kuma kunnen da ya koyi tsoro ba ya tsayawa tantance ko abokan ango ne ke dawowa daga kai amarya.

Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayun 2023, wani sabon baƙo ya fara yawa a titunan birnin Kano: babur mai caji, wanda ba shi da silinda balle salansa. Ƙarancin wutar lantarki zai jinkirta isarsa Badafi, ko da yake faifan sola na rage wannan tazara. Idan ya isa, zai tarar da hanyoyin da makaho da yaro mai talla da tsohuwa mai ɗauke da itace duk da kunne suke kauce wa abin hawa. Tarayyar Turai ta riga ta ci karo da wannan matsala: tun Yulin 2019 ta wajabta wa sababbin samfuran motoci masu lantarki su riƙa fitar da ƙarar roba idan suna tafiya ƙasa da kilomita 20 a sa'a, wadda ba ta gaza desibel 56 ba kuma ba ta wuce 75 ba. Dokar ta tsaya a kan motoci, ba ta haɗa da babura ba.